Yatsun Iya Karimatu

Iya Karimatu ba ta yarda da bakin namiji ba, wuyan hannunsa take tambaya. Tun tana ungozoma a unguwar Briqueterie ta saba ɗora yatsu biyu a kan jijiya, da ta ajiye aikin kuma sai ta mayar da yatsun kan masu neman jikokinta. Takan kama hannun saurayi da sunan wasan kaka, ta riƙe suna hira, sannan ta ƙwala wa yarinyar kira. Idan yarinya ta ɗaga labule jijiya ta yi tsalle, magana ta zauna. Idan ba ta yi ba, ya sha shayinsa ya kama gabansa.

Da haka ta kori wani mai shagon atamfa na kasuwar Mokolo, ta kori ɗan dillalin shanu na unguwar Etoudi, wanda jijiyarsa ba ta motsa ba sai da aka shigo da farantin nama. 'Ya'yanta kan yi dariya a bayan idonta, amma ba a taɓa ɗaura aure a gidan ba da yawunta ba.

Saura Lailatu, ma'aikaciyar jinya, wadda Iya ta raina tun rasuwar uwarta. Ita kuwa ta kafe, Mohaman Bello, wani ɗan Garwa mai aiki a Faransa, ko ba kowa.

Ran Lahadi da la'asar ya zo gaisuwa, tun daga ƙofa kuma Iya ta fara tara laifinsa. Taksi ya sa ya kawo shi har bakin gida, ɗan tudun nan da tsofaffi ke hawa da ƙafa. Ga wata jaka rataye a kafaɗarsa, aka ce ya ajiye, ya ce ba komai, sai ka ce gidan ɓarayi ya shigo. Aka kawo masa kilishi, ya taɓa ɗan kaɗan ya ce gishiri ya yi yawa. Tambayarsa ta farko bayan gaisuwa ita ce ko ana yawan ɗauke musu wuta a unguwar.

"Zo nan kusa, angona," in ji Iya. "Me kake yi a can Faransar?"

Ya matso ya durƙusa. Cikin Hausarsa ta mutanen Garwa ya yi mata bayani: shi da abokan aikinsa sun ƙera wani ɗan inji da bai fi ƙwan kaza ba, wanda ke taya zuciyar da ta gaji tura jini. Ba bugawa yake ba, juyawa yake yi, kuma yakan ƙara gudu da kansa idan jiki ya nemi ƙari. Har sun sami brevet, wato shaidar cewa su suka ƙirƙiro shi, ba mai kwaikwaya sai da izininsu.

"Ka ce dai mai famfo ne kai," in ji Iya. Rabin bayanin ma ba ta ji ba, domin tuni ta cafke wuyan hannunsa.

Shiru. Ta gyara yatsu, shiru. Hannu da ɗuminsa, mutum yana magana yana murmushi, amma jijiya ko motsi. Ga kuma wata siririyar ƙara, zuuu, da ta dami kunnenta, ta harari tsohon firijin da ke lungu. Ta kama ɗaya hannun, duk ɗaya.

Ta dubi hannunta. Ko tsufa ne ya cinye mata yatsu? A ɓoye ta taɓa nata wuyan hannun, ta ji shi yana dukan uku-uku. Yatsu lafiyarsu ƙalau.

"Lailatu! Kawo shayin mana!"

Labule ya ɗaga, Lailatu ta shigo da tire. Fuskar Mohaman ta washe, maganarsa ta harɗe, ya rasa inda zai sa idonsa. Iya ba ta kula ba, ta sha ganin fuska tana ƙarya. Ta danna yatsu har farcenta ya yi fari. Jijiya ko gezau. Firijin ne kawai ya sami lokacin ƙara kuka, kamar da gayya.

Nan Iya ta saki hannun. Ta saci kallon ƙafafunsa ko za ta ga kofato, ta ga yatsu biyar-biyar. Duk da haka ta karanto abin da ya sauwaƙa a ƙarƙashin mayafi ta tofa. Tsoro ya kama ta, tausayi kuma ya fi tsoron yawa, domin ta ga irin kallon da marainiyarta ke yi masa.

"Ban yarda ba," ta ce. "Marasa so ma na taɓa su, tasu tana bugawa. Wannan babu komai a ciki. Kuma a kashe min firijin nan, tun da kika shigo yake cika min kunne!"

Lailatu ta ajiye tiren a hankali ta dubi Mohaman.

"Ban ce ka gaya mata tun farko ba?"

"Na fara," ya ce yana sosa ƙeya, "aka ce ni mai famfo ne."

Ya zuge jakar. Batura ne a ciki, da wata waya da ta bi ta ƙarƙashin rigarsa ta shige. Lailatu ta durƙusa gaban kakarta, tana dariya ido na ƙwalla.

"Iya, firijin nan tun azumi ya mutu. Famfon a ƙirjinsa yake, shi kika ji ya ƙara gudu da na shigo."