Shaidar Mai Shayarwa

Tun da aka kafa sabuwar doka, ba a karɓar shaidar dattijo sai an tsaga masa yatsa a ƙofar kotu. In fararen ƙwayoyin jini suka yi yawa, wai ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa sun lalace ke nan, maganarsa ba abin kamawa ba ce.

Inna Lantana ta zo ne ta hana auren Nafi'u da Balaraba. Ita ta shayar da su duka biyun, shekarar da annoba ta kwantar da iyayensu mata, kuma duk wanda ya san zancen yana ƙarƙashin ƙasa.

Magatakarda ya dubi na'urar gwajin jini. "Inna, jininki ya haura."

"Haƙori ne, ɗan nan. Dubi kumatuna, kwana uku a kumbure."

"Na gani. Amma takardar gwajin ba ta san haƙori ba."

"Nafi'u nonon dama yake so, ga cizon tsiya. Balaraba kuwa da shi a baki take barci. Wannan ce mantuwar?"

"Ki dawo in kumburin ya sauka. Mu ce bayan wata biyu."

"Jibi fa za a ɗaura!"

"To, Allah Ya sanya alheri," in ji shi, ya miƙa mata auduga ta danne yatsa.