Hoton Mama a Sabon Shafi

"Judah, duba mini na'urar nan, jikana zai yi karatu da ita," in ji Baba Enoch, ya dire kwamfuta a teburin gyara.

Judah ya kunna. An share hotuna da takardu tas. Ya buɗe burauza, ya danna sabon shafi don gwada intanet.

Mamansa ce ta cika allon, tana sussukar dawa a Gwaska. Yayansa Isaiah ne ya saka hoton a kwamfutarsa, wai kowane shafi ya buɗe ita zai fara gani. Tun damina 'yan bindiga suka shige daji da Isaiah, har yau shiru.

Tsohon ya leƙo. "Kai! Wannan ba Naomi ba ce?"

"Baba, wa ya ba ka kwamfutar nan?"

"Ɗana Ephraim mana. Wai a Kaduna ya saya."

Ephraim ɗan acaɓa. Shi ya goya Isaiah ranar da aka sace shi. Shi ya dawo yana kuka, yana rantsuwa har jakar kwamfutar sun tafi da ita.