Sunan Ɗan Fari

"Inna, layi ya shiga. Sunan ɗalibin?" in ji ma'aikacin gidan waya na Jimeta, ya toshe bakin tarho da tafinsa.

Tun da rediyo ya ce gobara ta tashi a masaukin ɗalibai a Ingila, inda jami'a ta tura ɗanta karatun shekara guda, ko ruwa ba ta sha ba. Daga Yola ta taso, ita kaɗai.

"Yaron gidanmu ne," ta ce.

"Su ɗari ne a can, Inna. Baturiyar da ta ɗauki wayar na jira, minti uku kawai gare mu."

Ɗan fari ne. Shekara ashirin da biyu kunya ba ta bar sunansa ya fito daga bakinta ba. Ta waiwayi mutanen da ke bayanta, ta fizge tarhon, ta faɗi sunan da ƙarfi.

Ta ji takun ƙafa a cikin wayar. Aka ɗauka. Ta sake kiran sunan.

"Na'am, ni ne," ya ce, lafiyarsa lau. "Wace ce ke magana?"