Rawanin Baba a bakin hafir

Wata la'asar a Ƙala'at an-Nahal, Baba ya kai ni hafir, tafkin da mu da raƙuma da duk jakunan duniya muke sha. Ruwan ya yi kaurin da in ka soka cokali sai ya tsaya. Ya kwance rawaninsa mai warin zufa da riɗi, ya rufa wa ƙwarya, ya tace. 'Ya'yan kwaɗi biyu suka rage a kai suna wutsil-wutsil.

Na ce, "Baba, ya tsarkaka?"

Ya yi dariya ya ce, "Sha, ya walad, yarona. Duk abin da ya ratsa rawanina ya tuba."

Na sha, na yarda. Na girma na zama daktan tace ruwa a jami'a a Khartum. Yaƙi ya cinye ɗakin gwajina, ko kujera ba a bar min ba. Yanzu ina Gadarif, ina sayen ruwan amalanken jaki, ina tace wa 'yata da gefen jallabiya. Duk abin da ke ratsawa na san sunansa, har na kakansa.

Jiya ta ce, "Baba, ya tsarkaka?"

Na ce, "Sha, ya tuba." Na nemi irin dariyar Babana in haɗa mata da ita, ban samu ba.