Tsokar da Ba a Rina Ba

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji ta kwance ƙyallen da wani magidanci ya miƙo mata, ta ɗaga kwalbar da ke ciki sama.

"Baba, ruwan magani ne kawai a ciki. Ina tsokar da aka yanko a ƙirjin matarka? Sai mun rina ta ja da shuɗi za mu gane ko sankara ce. In babu, sai an sake yanka ta."

Magidancin ya jingina da bango. Tun daga Kuyello yake rungume da ƙullin nan, ya ratso dajin Birnin Gwari, bai iya dubawa ba.

Sai ya tuna mahaifiyarsa da ta miƙo masa ƙullin, farcenta cike da ɗanyar ƙasa, tana cewa, "Naman mutum binne shi ake yi."