Fentin da Ya Danne Muryar Mota

Zauna, Malam Sallau, ka ji wani misali kafin ka tafi, tunda na ga ado ya fara ɗauke maka hankali.

An yi wani tela a cikin birni, mahaifinsa ya rasu ya bar tsohuwar mota, irin mai doguwar gaban nan ta zamanin da. Tana ajiye a kangon bayan gida, kan duwatsu, daidai tagar ɗakin mahaifiyarsa. Shekaru suka shuɗe, maƙwabta suka yi ta gini har lungun ya matse, ko an sa mata taya ba ta da hanyar fita. Tsohuwar kuwa ido ya tafi, ga ciwo ya kwantar da ita. Wata rana yana ba ta kunu, ta ce masa ba abin da take marmari kamar ta sake jin kukan motar nan, don a da tun daga bakin kasuwa take gane Malam, mijinta, ya taho. Abin da ta roƙa ke nan fa, kuka kawai. Tela ya ce, an gama, Inna. Aka ciro inji aka kai gareji, makanike ya wanke shi ya gyara, ya tashi a can garau. To, ka san ɗan Adam, ka kuma san tela da son ado. Ya leƙa ramin da aka ciro injin ya ga tsatsa, ya ce wallahi motar mahaifinsa ba za ta farka cikin wannan ƙazanta ba. Ya kira mai fenti, aka feshe ta ciki da waje, lungu da saƙo, shuɗi mai ƙyalli. Don Allah wa zai gani? Makauniya?

Aka dawo da inji aka ɗaure, aka kawo sabon batir. Ya murɗa makulli, ƙas. Ya sake, ƙas. Fitilu na kamawa, hon na kuka, amma kik, ɗan injin da ke fara juya babban, ya ƙi ko motsi. A tura ta don ta tashi kuma babu hali. Ya ɗauko mai rewaya, wato mai gyaran wutar mota, suka kwance kik suka gwada shi a ƙasa, ya juya lafiya lau; a mayar da shi kuma, shiru. Suka sauya makulli, suka kankare kawunan batir, suka bi jar wayar nan mai kauri tun daga batir har kik, ba tsinkewa, ba ƙuna. Kwanaki suna ta tafiya. Tsohuwa ta rage cin abinci, magana ma sai an kara kunne. Kullum ya shiga gaishe ta sai ta juya fuska wajen taga, shi kuwa ya sunkuyar da kai. Tsoro ya kama shi sosai, kada ta tafi bai cika mata wannan ɗan abu ba.

Ran nan da hantsi, mai rewaya na ciki yana murɗa makulli, tela ya sunkuya kan inji, ya dafa siririyar wayar cok ba da niyya ba. Wayyo! Ya fizge hannu, ta ƙone masa yatsu. Wayar da ba ruwanta da wuta, aikinta ja da saki kawai, ga ta ta yi zafi har robarta na narkewa. Mai rewaya ya fito ya duba, ya ce, "Ikon Allah! Maigida, wutar nan tana zuwa, hanyar komawa ce ta rasa. Ita fa ba ta aiki sai ta fita daga batir ta zaga ta koma gida. An rufe mata ƙofa, shi ne take cusa kai ta wannan ɗan zare." Suka bi sawu, sai ga wata faffaɗar waya saƙaƙƙiya da ke haɗa inji da jikin mota. An ɗaure ta tamau, amma a kan sabon fenti aka ɗaure ta. Ƙarfe bai taɓa ƙarfe ba. Tela ya tsaya baki buɗe. Ashe abin da bai fi ɓawon albasa kauri ba shi ya danne wannan ƙaton inji! Shi da kansa ya karɓi wuƙa, ya kankare shuɗin nan a wurin da bai wuce faɗin babban yatsa ba, har farin ƙarfe ya fito. Aka mayar da waya aka ɗaure, aka murɗa makulli.

Malam Sallau, motar nan ta yi tari, ta girgiza, ta saki wata murya mai kauri da gidan bai ji ba tun rasuwar mai ita. Tela ya ruga ɗaki. Tsohuwar da sai an tallabe ta take tashi, ga ta zaune da kanta, tana lalubar mayafi tana gyarawa, fuskarta ta washe. Ta ce, "Malam ya iso. Ku shimfiɗa tabarma, a kai masa ruwa." Matan da ke ɗakin suka hau salati, shi kuwa ya durƙusa a bakin ƙofa yana kuka, bai ji kunyar kowa ba. Sau ɗayan nan ta ji. Washegari ta daina gane kowa, kafin Juma'a ta zagayo an kai ta makwancinta. Da bai tsaya fenti ba, da ta yi makonni tana jin mijinta yana dawowa gida kowace yamma. Har yau in ka yaba masa kyan motar, sai ka ga ya kau da kai. Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.