Kogin Cikin Baho

Ƙarfe biyar saura minti uku na yammacin Alhamis masoyan suka nutse, duk gari yana ji.

Wata goma sha ɗaya ana bin wasan nan a rediyo, kai tsaye ake yin sa, babu gyara. Ɗan masunci ne da ’yar manomi, iyayensu ba sa ga maciji da juna kan rikicin iyaka. A kashi na ƙarshe suka shiga kwalekwale za su haye wurin gwaggon da za ta sasanta kowa. Ana jin motsin ruwa, sai funjum! Sai shiru. Sai kiɗan rufewa.

Marubucin wasan ya rantse har muryarsa ta dishe cewa bai kashe kowa ba. A takardarsa sun isa gaci lafiya, gwaggo ta rungume su. ’Yan wasan ma sun karanta shafin har ƙarshe suna ta washe baki, ba su san wayar makirfo ta fizge ba. Mai injin ya ga lokaci ya cika, ya saka kiɗa. Amma wa zai saurari wannan bayani? Mutane sun ji da kunnensu.

Kafin Asabar kowa ya zama alƙali. Wasu suka ɗora wa uban yarinyar, har mai shagon unguwa ya ƙi sayar wa wanda ke fitowa a uban sabulu. Wasu suka ce laifin gwaggo ne, me ya kai ta zama a hayin kogi? Marubuci ya je gaishe da mahaifiyarsa, ta dube shi sama da ƙasa.

“Ka kashe ’ya’yan mutane, ka zo kana tambayata ya gajiya?”

Mai gidan rediyon ya bugo waya. Suna ɗaya yake so kafin azahar ɗin Litinin, a sallami mai shi, a ba masu sauraro haƙuri. Ya bar binciken a hannun Manaja.

Manaja kuwa ba ta da wasa. Ita ta liƙa takarda a ƙofar ɗakin shiri cewa in jar fitila na kunne, ko wuta ce ta tashi kada wanda ya shiga. Wasan ma shirmen yara take ce masa. Da can tun daga ƙarshen baranda ake jin takunta, kowa ya gyara zama. Kwana biyun nan ta ƙaro sabuwar mugunta: sai dai ka ɗago kai ka gan ta a kanka.

Marubuci ya san mutum biyu ne a bakin rami, shi da Baba Mai Sauti. Shekara talatin tsohon yana zaune bayan labule a kusurwar ɗakin shiri, kusa da ƙaramar ƙofar baya. Da tsakuwa a faranti yake yin ruwan sama, da tsohon akwati yake yin ƙofa, kogi kuwa baho ne cike da ruwa. Shi ya koya wa Marubuci yadda ake rubutu don kunne. Ga shi kuma matar Marubuci haihuwa yau ko gobe. Tsoro ya kama shi sosai, kunya ta fi tsoron.

Ya je ya sami Baba yana goge kayan aikinsa.

“Baba, don Allah me ya faru bayan labulen nan?”

“Ɗana, ni da hannu nake tuƙa ruwa, a hankali. Ban taɓa nutsar da kowa ba.”

Daga nan ya ci gaba da goge kayansa.

Ranar Litinin aka zagaye teburin ofis. Manaja ta bi su ɗaya bayan ɗaya kamar malama mai neman wanda ya fasa taga. Mai injin ya kare kansa. ’Yan wasa suka kare kansu. Ta zo kan Baba ta tsallake, ba ta ko dube shi ba. Amma idon kowa yana kansa, don bahon nasa ne.

Marubuci ya kalli furfurar tsohon, ya ji ba zai iya ba. Ya miƙe.

“Ranki ya daɗe, ni na saka su a kwalekwale. Da mota na ba su, da suna nan da ransu. A sallame ni.”

Ya yi zaton za ta ɗan ja, ko don kara. Ina! Tuni ta zare murfin biro.

“Tsaya, ranki ya daɗe,” in ji Baba. “Ni ban iya magana ba. A bar ni in yi abin da na iya.”

Ya sunkuya ƙarƙashin tebur, ya kwance wani abu daga cikin tawul, ya shiga buga shi a ƙasa. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Nan take kowa ya gyara zama, mai injin ya tura wayarsa aljihu, duk suka juya suna duban ƙofa. Sai suka tuna ai mai wannan takun tana gabansu a zaune, da silifas a ƙafarta.

Baba ya ɗora takalmi mai tsini, ƙafa ɗaya, a gaban Manaja.

“A ƙasan kogi na tsamo miki shi, wayar makirfo naɗe a tsininsa. Da kin ce kina so ki ga sun haye da idonki, ai da na ajiye miki kujera.”